Shafukan Bayan Littafin Awo

Ni tela ne. Shekara 21 ke nan ina taka keke a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wunti a cikin garin Bauchi, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya san littafin nan mai baƙin bango da nake rubuta awon mutane a ciki: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu. Yanzu in ka buɗe shi ta baya wani awon za ka tarar. Kwanan wata, nauyina kafin in hau injin wankin ƙoda, nauyina bayan na sauka, awon jini, da kuɗin da aka biya. Tun ƙarshen 2023 nake cika waɗannan shafuka, har sun kusa haɗuwa da na masu ɗinki a tsakiya.

Laifina zan fara faɗa, don kada a ce na ɗora wa wasu kaya na tsame hannuna. A 2019 ciwon kai ya dame ni, na shiga kyamis aka auna ni, aka ce jinina ya hau. Na sayi magani na sha wata guda, kai ya daina ciwo, na ajiye. A tunanina hawan jini kamar zazzaɓi ne, ya zo ya wuce. Ga kuma ciwon baya irin na masu zama a kan keke. Duk tela ya san haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda, ƙwaya huɗu ko biyar, ja da fari da ruwan ɗorawa, a ce maganin gajiya ne. In azumi ya raba tsakiya, ɗinkin Sallah ya taru, muna kwana a shago, nakan sha shi bayan buɗa-baki in ƙara da sahur. Sai daga baya na san akwai diclofenac da ibuprofen a ciki, kuma mai hawan jini da ke zuba su kullum a ciki mai ƙishi ƙodarsa yake ci da hannunsa.

A azumin 2023 ƙafa ta fara ba ni labari. Takalmin da na sa da safe, da yamma sai ya ƙi shiga. In na danna ƙaurina da yatsa, ramin sai ya zauna kamar a kan tuwo. Fitsari yana kumfa kamar an zuba omo, da dare in tashi sau huɗu. Na ce zaman keke ne.

Bayan Sallah na tafi wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarmu. Sau uku na je cikin wata biyar, kuma sau ukun duk amsa ɗaya ce: taifod da maleriya. A ɗaura mini ƙarin ruwa, a yi mini allurar kashe ciwo, in biya in tafi. Mutumin da jikinsa ya kasa fitar da ruwa, shi ake ɗura wa leda biyu. A zuwan farko an auna jinina an ga 180 bisa 110, aka ce gajiya ce, in rage tunani. Ba wanda ya ce in kawo fitsari. Gwajin nan na tsoma ɗan tsinken takarda a cikin fitsari, wanda a minti biyu yake nuna ko ƙoda tana zubar da abin da bai kamata ba, kuɗinsa bai kai na leda ɗaya ta ƙarin ruwan da suka sayar mini ba. Wannan abu har yau in na tuna sai na yi istigfari kafin zuciyata ta sauka.

Da asibiti ya ƙi ci, gida ya ɗauka. Gwaggo ta ce sanyi ne. Wani maƙwabci ya ce basir ne ya hau sama. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce in duba abokan sana'a, don kumburi irin wannan ba banza ba. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo mai kanwa, na sha wani abu a gora da ban san sunansa ba, mai sa zawayi, aka ce dattin ciki ne ke fita. Duk wanda ya kawo, da zuciya ɗaya ya kawo, ban riƙe kowa ba.

A watan Nuwamba abin ya kai maƙura. Amai da safe, shaƙuwa ba ta tsayawa, jiki yana ƙaiƙayi kamar na kwanta a kan ƙaiƙayin gero, baki kuma ɗanɗanon ƙarfe. Wani dare na kasa kwanciya, in na miƙe sai numfashi ya ɗauke kamar an danna ni cikin ruwa. Yayana ya nemo keke Napep muka tafi babban asibiti. A nan ne karon farko aka ɗebi jini don a duba ƙoda. Akwai wani abu da suke kira kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa. Na mai lafiya ba ya wuce 100 da 'yan kai. Nawa ya haura 1,300. Hoton ciki kuma ya nuna ƙodojin biyu sun ƙanƙance.

Daga nan zuwa yau na yi wankin ƙoda a wurare huɗu, a jihohi uku, na gwamnati da na kuɗi. Ba zan kama sunan kowanne ba, don a kowanne na ga mutanen kirki kuma na ga akasinsu. Amma yadda aka sanar da ni ciwona ba zan manta ba. Da safe babban likita ya shigo da ayarinsa, su kusan goma, suka kewaye gadona. Aka ɗaga mini riga, aka danna ciki, aka ja fatar ido, suna ta Turanci a saman kaina. Makarantar sakandare na gama, ina tsintar kalma ɗaya ɗaya, amma ba wanda ya dube ni. Da suka wuce gado na gaba, wani ƙaramin likita ya dawo ya miƙa wa Yaya takarda ya ce, "Wankin ƙoda za a yi masa. Ku je ku biya waɗannan, ku nemo jini leda biyu." Shi ke nan.

Wallahi a daren nan na ɗauka yanka ni za a yi a ciro ƙodar a wanke a mayar. Mai karatu zai iya dariya, amma na tambayi mutane da yawa a ɗakin wanki, kusan duk Bahaushen da ya fara jin kalmar abin da ya zo masa ke nan. Ga kuma maganar gari, wai duk wanda aka fara wa wanki ya kama hanyar kushewa. Inna ta ce a mayar da ni gida, in ma mutuwa ce in mutu a ɗakina. Yaya ne ya tsaya. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, yau ɗaya zan saɓa miki."

Aka huda mini matsematsi aka zura roba a babbar jijiya, aka haɗa ni da inji. Na ga jinina ya fita ta bututu ɗaya, ya zaga, ya dawo ta wani. Na rufe ido ina ta kalmar shahada. Bayan wanki na uku na ci tuwo da miyar kuɓewa, na farko cikin kwana 20, na ce wa maiɗakina ai na warke. Na yi zaton wanki uku ne ko biyar a sallame ni. Ba wanda ya gaya mini cewa wannan abu ne na sauran rayuwa.

Wadda ta gaya mini wata nas ce, babbar mace mai tabarau, da kowa ke kira Sista. Ranar layi ya yi sauƙi, ta ga ina ƙirga kwanaki da yatsa, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Malam, an yi maka bayanin ciwonka kuwa?" Na ce a'a. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ka san rariya?" Ta ce ƙoda rariya ce mai aiki dare da rana, tana tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta fitsari, ta bar mai amfani. Ta ce hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu yaga rariyar nan, kuma ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa, shi ya sa mutum ke yawo shekaru bai sani ba. Akwai ciwon ƙoda na farat ɗaya, irin wanda amai da gudawa ko zubar jini wajen haihuwa ke kawowa, wannan ana iya wanki kaɗan ƙodar ta farfaɗo. Nawa ba shi ba ne. Ta ɗauko wata roba doguwa kamar tocilan ta nuna mini zare-zaren da ke cikinta, sirara kamar gashi, dubbai. Ta ce ga ƙodar aro, jini na bi ta cikin zaren, ruwan wanki na bi ta waje, datti na tsallakawa. Ta ce a awa 4 injin yana shan ruwa wajen lita 120, kusan jarka biyar, kuma sai wanda aka tace tas, shi ya sa in na'urar tace ruwa ta lalace kowa ke komawa gida ko da injinan lafiyarsu ƙalau.

Sai ta faɗi wadda ta fi nauyi. Ta ce, "Injin nan ba ya gyara ƙoda, aikinta yake riƙe mata. Ƙa'ida sau uku ne a mako. Na san ba ka da kuɗin uku. To mu zauna mu ga yadda za ka rayu tsakanin wanki da wanki."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma daren nan na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin Sallah. Minti 20 ta yi tare da ni, ba ta ba ni ƙwaya ko ɗaya ba. Ita ce ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta nauyina, na ce ai ina da shi.

Kuɗi kuwa, abin ba daɗin faɗi. Lokacin an cire tallafin man fetur, komai ya tashi, wanki ɗaya ya kai naira 50,000, ban da gwaje-gwaje da magani. Ga allurar ƙarin jini, don ashe ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini, in ta mutu jini sai ya riƙa sauka. Nawa ya taɓa sauka zuwa 18, inda na namiji mai lafiya ke kaiwa 40. Filin da na saya a hanyar Ningi ya tafi a wata biyu. Injin surfani ya bi shi. Wata safiya maiɗakina ta ajiye mini kuɗi a kan tabarma, na duba kunnenta na ga babu ɗankunnen da mahaifiyarta ta bar mata. Na buɗe baki, ta ce, "Baban yara, don Allah kada ka ce komai." An yi mini yekuwa a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a, ƙungiyar teloli ta yi karo-karo sau biyu. Karo na uku ni da kaina na ce a bari, kowa na da nasa.

Haka na koma sau ɗaya a mako, wani lokacin kwana goma. Wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane kwana na shida ba. Fuska ta cika, ƙafa ta yi nauyi, ka kwana a zaune jingine da bango, kana jin ruwa na ƙara a ƙirjinka. In ka je wanki da kilo 5 na ruwa a jiki, injin zai ja shi cikin awa 4, jijiyar ƙafa ta murɗe, jiri ya ɗebe ka, ka sauka kamar tsumman da aka matse.

Ƙishirwa ita ce jarrabawar da ta fi. Sista ta ce abin da zan sha a yini shi ne gwargwadon fitsarin da na yi, a ƙara rabin lita. Rabin lita ledar fiyawata ɗaya ke nan. Kuma koko ruwa ne, kunu ruwa ne, shayi ruwa ne, romon miya ruwa ne. A Bauchi, a watan Afrilu! Na koyi tsotsar ƙanƙara, na koyi kurkure baki in zubar. Akwai ranar da na tsinci kaina ina sabunta alwala sau uku kafin la'asar, ba don ta karye ba. Azumi likita ya hana, na je wurin malamin unguwarmu ya ce ciwon da ba a sa ran warkewarsa ciyarwa ake yi, in ba da abincin miskini ɗaya a kowace rana. Dabino ma da nake buɗa-baki da shi tun ina yaro ya zama abin gudu, shi da ayaba da lemu da tumatir mai yawa, saboda wani sinadari da suke kira fotasiyam, wanda in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya ba sallama.

A wani wurin an taɓa ba ni takardar abinci, da Turanci, cike da sunayen abubuwan da ko a kantin manya ban taɓa gani ba. Babu tuwo, babu miyar kuka, babu ɗanwake, babu masa, alhali mu mutanen Bauchi ne. Na kai wa Sista, ta juya bayan takardar ta rubuta da Hausa: rage gishiri, rage magi, bar kanwa, a yanka dankali a jiƙa a zubar da ruwan kafin a dafa, ganye a tafasa a tsiyaye, nama da ƙwai a ci daidai kada a bari jiki ya rame. Maiɗakina ta liƙa ta a bangon kicin. Tun daga ranar tukunya biyu take ɗorawa.

Na ga abubuwan da ba su dace ba, kuma zan faɗa. Na taɓa zama daga asuba zuwa azahar da ruwa a ƙirji, sannan aka leƙo aka ce babu man janareto, mu dawo jibi. Da an kira mu a waya tun dare, da wanda ya taso daga Alkaleri ko Toro bai ɓata kuɗin mota ba. Na taɓa shiga mota awa biyu da rabi zuwa wani gari saboda na'urar ruwa ta tsaya a inda nake zuwa, na isa aka ce sai an sake dukkan gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau da aka yi mini mako biyu kafin nan. Gwajin kansa na san dalilinsa, don kada injin ya ɗauki cuta daga wani ya ba wani, amma kuɗin wankin da na riƙo shi ya tafi a ɗakin gwaji. Na ga an yi wa wata baiwar Allah tsawa a gaban mutane saboda ta zo da nauyi, aka ce, "Ke ce ba ki jin magana, ki je ki yi ta shan ruwa." Ba a tambaye ta ba, kwana 12 ta yi tana haɗa kuɗi. Na kuma ga ma'aikacin da ya taɓa robar wuyan wani ya zo zai taɓa tawa bai canza safar hannu ba. Robar nan kai tsaye take shiga babbar jijiya. Sau biyu ƙwayar cuta ta shige ni ta nan, ina kan inji sanyi ya kama ni, haƙora na haɗuwa, gado na girgiza.

Amma in na tsaya nan na yi zalunci. Nas biyu ne a kan gadaje takwas, ƙararrawar wannan inji na kuka, na can na kuka, tun safe ba su sa komai a ciki ba, wasu abokan aikinsu sun tafi Saudiyya da Ingila an bar su da aikin mutum biyar. Na ga likitan da ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya cika wa wani yaro na wanki, ya ce kada a faɗa. Na ga mai gyaran inji ya kwana a asibiti ranar jajiberin Sallah. Abin da na lura shi ne, a cikin ƙarancin nan ɗaya, wani zai ce maka "sannu Malam, yaya jiki, yau kilo nawa ka kawo mana?" wani kuma ya kira ka da lambar gado.

Bayan ƙwayar cutar ta shige ni karo na biyu likita ya ce dole a yi mini fistula. Maiɗakina ta zaro ido. Ita fistular da ta sani ita ce yoyon fitsari, wadda ake kai mata asibitin Ningi saboda ita. Ta ce, "Likita, namiji ne fa." Ranar kowa ya yi dariya a ɗakin, har shi. Ya ce wannan daban, jijiya biyu za a haɗa a hannu, mai kawo jini da mai mayarwa, don ta yi kauri ta iya ɗaukar allurar wanki, a huta da roba. Sannan ya yi mini tambayar da har gobe ina ganin girmansa saboda ita. Ya ce, "Mece ce sana'arka, kuma da wane hannu kake riƙe almakashi?" Aka yi a hagu. Wata biyu ina matsa ƙwallon roba kafin ta nuna. Yanzu in ka ɗora yatsa a wuyan hannuna za ka ji tana zuuu, kamar motar keken ɗinki in an kunna ba a taka ba. Kullum da asuba ita nake fara taɓawa. Ba a awon jini a hannun, ba a ɗibar jini, ba agogo, ba kwanciya a kai.

Wannan sanin ya taɓa haɗa ni faɗa. Zazzaɓi ya kai ni wani asibiti da dare, wani matashin ma'aikaci ya kama hannun hagu zai ɗaura roba ya soka allura. Na janye na ce ba a taɓa wannan. Ya ce, "Kai ne likitan ko ni?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne. Amma ɗora yatsanka nan." Ya ɗora, ya ji, ya yi shiru ya koma dama. Da a 2023 ne da na miƙa masa hannun ina godiya.

Maganar dashe ta taso a 2024. A nan Arewa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, na Maiduguri ma ya yi. Mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya lafiya lau, kuma doka ta hana saye da sayarwa, sai dai kyauta. Ƙanena, autan Inna, ya zo shago ya ce, "Yaya, ni zan ba ka." Inna ta kwana uku ba ta ci abinci ba, ta ce yaya za ta yi da 'ya'ya biyu a ƙarƙashin wuƙa rana ɗaya. Kuɗin aikin miliyoyi ne, bayansa kuma akwai maganin hana jiki ƙin ƙodar, wanda ake sha har ƙarshen rai. Duk da haka muka ce a fara gwaji, Allah Ya kawo sauran. A awon farko aka tarar jinin auta 160 bisa 100, yana da shekara 33, bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Aka maimaita sau uku, haka. Likita ya ce ba zai ɗauki ƙodarsa ba. Auta ya fita waje yana share hawaye wai ya kasa taimakona. Ni kuwa na bi shi da takardar maganinsa, kuma har yau duk ranar 1 ga wata sai na kira shi na ji ko ya saya.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta kawo rangwame, lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate, mutumin Misau, yana ministan lafiya. Aka sauke kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, har da Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi. Ranar da na ji a rediyo ban yarda ba sai da na ga rasit. Yanzu sau biyu nake yi a mako, na koma kan keke rabin yini, yarana biyu na shago suna ɗaukar mai nauyi. Allurar jini da gwaji da maganin hawan jini suna nan suna cin aljihu, kuma mutane sun ƙaru, don waɗanda da suka haƙura suka kwanta a gida yanzu sun fito.

Akwai wanda bai kai ga wannan ba. Wani dattijo ne daga Darazo, makiyayi, gadonsa na kusa da nawa duk Talata a farkon 2024. Baba muke ce masa. Shi ya koya mini sa ɗan lemun tsami a harshe in ƙishi ya matsa. Yakan ce shi ba da naira yake lissafi ba, da shanu, kowane wata saniya ɗaya take shiga injin nan ta fita ta bututu. Da ya ji ni tela ne ya aiko ɗansa da shadda ruwan toka yadi biyar, ya ce jamfa da wando yake so na Babbar Sallah. A kan gadon wanki na auna shi, bututu na jikinsa, Sista na riƙe mini bakin tef tana cewa mu yi a hankali da hannun. Awon na nan a littafi, shafi na gaba, ba na baya ba.

Talatar da na kawo ɗinkin a leda wani ne a gadon. A ɗakin wanki ba a sanarwa. Mutum ya daina zuwa, sai ku dubi juna, kowa ya mayar da ido kan injinsa. Na tambayi Sista, ta ce ta kira lambar da ke fayil ɗinsa sau uku ba ta shiga. Na mayar da kayan shago na rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Sai bayan ƙaramar Sallah ta 2025 wani saurayi ya yi sallama a shago, ya ce ko ni ne telan da ke wanki. Na gane shi, shi ya kawo shaddar. Ya ce Baba ya rasu a gida mako biyu kafin waccan Babbar Sallar. Shanun da suka rage uku ne, Baba ya ce ba za a sayar ba, na marayu ne, a bar shi. Ya ce kafin ya cika ya ambaci cewa akwai ɗinkinsa a Bauchi da bai biya ba, a je a sauke masa nauyi. Ya zaro kuɗi daga aljihu. Na ce ya mayar, ya ce wasiyya ce, ba zai iya komawa da su ba. Na karɓa.

Na sauko da jamfar na kakkaɓe ƙura, na ce ya gwada. Tsawon ya yi daidai, kafaɗa ce ta yi masa yawa. Na ce ya zauna a benci, na farke ɗinkin na rage inci ɗaya da rabi kowane gefe, na goge na ninke masa. Ya ce zai kama motar Darazo kafin la'asar.